Kafin Ka Sayi Injin Yankan Ciyawa Mai Batir



Duk wanda ya taso a Arewa ya zo ya zauna a nan Ibadan ya san ciyawar Kudu ba irin tamu ba ce. A Kano ko Katsina damina wata huɗu ce, rani ya zo ya ƙone komai, abin da ya rage awaki su cinye. A nan kuwa ruwa na sauka tun watan Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba, in ban da ɗan hutun da yake yi a Agusta. Ka gyara fili yau, bayan sati biyu ka rantse hannu bai taɓa kai wurin ba. Ciyawa in ta yi tsawo kuma ba ita kaɗai ke zuwa ba. Sauro na wuni a cikinta, ɓera ya shiga, maciji ya biyo ɓera, sannan ga duba-gari, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole. Abin da ya fi damuna shi ne, in bayan gidan mutum ɗaya ya koma daji, ba sunansa maƙwabta za su ambata ba, cewa za su yi Hausawa.

Wurare biyu ne a wuyana: bayan gidana, da ɗan filin masallacin da nake jan salla in liman baya nan, inda yaran Islamiyya ke guje-guje ba takalmi. Shekara da shekaru langa-langa da adda ne maganinsu. Amma wanda ya haura hamsin, ƙugunsa kan fara ba shi shawara tun bai tambaya ba.

Mai amfani da fetur na fara dubawa, don shi muke gani a hannun masu gyara gefen titi. Ƙarfi kam yana da shi. Sai dai mafi yawansu sai ka gauraya fetur da baƙin mai, in ya daɗe a ajiye kuma ka yi ta jan igiya har gumi ya jiƙa ka. Kafin a janye tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba. Kowa ya san inda ta kai daga baya. Ga ƙara. Lokacin da nake da shi kawai shi ne bayan gari ya waye, kafin in tafi shago, kuma ban ga yadda zan gama yi wa mutane wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci in fito in tashe su da wannan rugugi ba. Mai batir ma yana da ɗan kukansa, amma ba a haɗa su.

To, in za ka saya, batirin kake saye, injin rakiya ya yi. Lambobi biyu ne a jikinsa. Mai V a gaba ita ce ƙarfin wutar, mai Ah kuma ita ce girman tulun, wato yawan wutar da zai riƙe. Batir mai 4Ah ya ninka mai 2Ah daɗewa. Shi ƙaramin, in ciyawa ta ɗan yi kauri, kafin ka kai ƙarshen katanga ya mutu. In kana da hali ka sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji, musamman da yake wutar nan tamu ba ta sallama in za ta tafi. Wanda aka rubuta wa 18V da mai 20V kusan abu ɗaya ne, wajen awo kawai kamfanoni suka bambanta. Amma in ka ga ɗan batir kamar sandar sabulu an rubuta masa 88V ko 98V, farashin kuma ƙasa-ƙasa, wannan rubutu ne kawai. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai saye na son babbar lamba, amma wannan algus ne, ba shi da wani suna. Ɗaga shi ka ji nauyinsa a hannu. Ka kuma tambaya: in ya mutu, a ina zan sami wani? Kamfanoni irin su Ingco, Total da Makita kowanne na da batirin da ke shiga kayan aikinsa da dama, har da fitila da injin huda bango. In mai shago ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, yi masa sai an jima.

Abin da ke yankan ba wuƙa ba ce, zaren roba ne mai kama da na fatsa, gudun juyawarsa ne ke tsinke ciyawa. Yana cinyewa, ya fi saurin ƙarewa a gefen siminti, don haka tabbatar ana sayar da irin kaurinsa a gari. In ya bushe yana karyewa, jiƙa shi a ruwa ya kwana. Ka riƙe injin a shago ka gani ko tsawonsa ya yi maka, kada ka gudu daga sunkuyon langa-langa ka sayi wani sunkuyon.

Kada wani ya ruɗe ka cewa zai share maka daji. Na gajeriyar ciyawa ne mai taushi irin kiri-kiri. Tofa in ta kai ƙugu, nannaɗe kan injin za ta yi. Yankan farko na damina har yanzu samarinmu masu adda nake kira in biya su, daga nan in riƙa bi da inji duk kwana goma. Su ba su rasa na abinci ba, ni ma bayana ya huta.

Yana harba tsakuwa kamar gwafa. Sa tabarau da takalmi rufaffe, a cire jallabiya, a kori yara da kaji, a matsar da mota. Kada a yi aiki da shi cikin ruwan sama, kada a bar batir a rana, kada a sa shi caji da zafinsa. Ni nakan fara bubbuga ciyawar da sanda, kwaɗi da ƙadangaru su gudu, don su ma rai gare su.

Mai son ganin yadda yake aiki kafin ya fitar da kuɗinsa, ina filin masallaci ranar Asabar da hantsi in Allah ya kai mu. Ya zo da takalminsa.