Gwaggo a Kumasi: tsufa a ƙasar wasu sai da takarda

Da yawanku kun ga ba mu zo zubi ba har sati uku bayan girbi, kuna ta tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Kumasi muka je, ƙasar Gana, mu biyu da ma'ajiyar ƙungiyarmu, dubo gwaggonta da aka yi waya aka ce ta faɗi. Kuɗin motar ma daga akwatinmu aka ranta mana, don haka kuna da hakkin jin abin da muka gano.

Daga Tibiri muka fita Kore Mairuwa, muka hau kwalta zuwa Doso, sai Gaya. Gadar da ke tsakaninmu da Malanbil a rufe take tun 2023, sai a jirgin ruwa muka ƙetare Kwara, kowa riƙe da ƙunshinsa yana salati. Daga nan Paraku, Kotonu, Lome, muka shiga Gana ta Aflawo, muka wuce Akara, sannan Kumasi. A kowane shinge tambaya ɗaya ce: ina katin ɗan ƙasa, ina katin allura? Mai su ya koma mota, marar su ya bi jami'i bayan rumfa yana lalube aljihu.

Wadda ba ta taɓa zuwa Kumasi ba za ta zaci baƙunta za ta yi. Ina! A Aboabo da Sabon Zango Hausa ake yi tun daga masallaci har bakin famfo. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa da suke kira wace, da dare tuwon zafi. A kasuwar Kejetiya mun ga albasar ƙasarmu buhu kan buhu. Sai dai ruwan sama ya fi namu, ƙasar kore shar, ga ayaba ko'ina.

Gwaggo ta bar Arewa da mijinta a shekarar yunwa, tana goye da ɗanta na biyu, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, wato 1974. Tun daga nan koko take sayarwa a bakin layi ɗaya. Mijin ya rasu can, an rufe shi can. Mun tarar da ita kwance kan tabarma, hawan jini ya taɓa mata hannu da ƙafa. Da ta ga ɗiyar ɗan'uwanta sai ta ce, "Ɗiyata, kun tarad da ni lahiya, jikin ne dai ya ƙi." Muka ce, "Gwaggo, ina katin asibiti?" Ta sa aka ciro shi daga ƙasan kwalla, naɗe cikin leda. Ya mutu shekara biyu ke nan.

Ga yadda abin yake. Tun 2003 Gana ta kafa asusun magani na ƙasa, wanda suke kira NHIS. Kamar asusunmu yake: kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Kafin nan sai ka biya ake taɓa ka. Amma katin na shekara ɗaya ne, sai an sabunta, ko a ofis ko ta waya. Gwaggo ba ta sani ba, jikokinta kuma kowa ya ɗauka wani ya yi. Ranar da ta faɗi, sai da ƴan layinsu suka yi karo-karo aka biya kuɗin gado da magani.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne maganar shekaru. Dokarsu ta yafe wa wanda ya kai 70 kuɗin zubi. Wadda ke goye da ɗa na biyu a 1974, ku lissafa da kanku, ai ta wuce nan. Amma ba ta da takardar haihuwa, kuma wanda ya cika mata takarda tun da can da ido ya kimanta, ya rage mata shekaru. Ofis ba ya duba furfura, takarda yake dubawa.

Sai kuma maganar zama. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. Wanda zai zauna fiye da haka, akwai takardar zama da ake nema, kuma Gana na da katin shaida na baƙi da ake biya ana sabuntawa. Tsofaffinmu da yawa sun yi shekara arba'in ba su taɓa nema ba, don ba wanda ya tambaye su. To yanzu Nijar da Mali da Burkina sun fita CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenmu suna shige da fice har sai an sake sanarwa. Wannan "har sai" ɗin shi ke hana dattawan zango barci. Wani tsoho maƙwabcin Gwaggo ya tuna mana 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita. Ya ce ya ga masu gida da shago sun hau babbar mota da tabarma kawai.

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. Tsofaffin Turawa ma suna ƙaura su ƙare rayuwa a wata ƙasa. Tailan, inda ake kawo mana shinkafa, tana da biza ta musamman ga wanda ya kai 50, amma sai ya nuna kuɗi a banki, wani nau'in kuma sai da inshorar lafiya. Su suna zuwa da fansho. Namu sun tafi da ƙarfinsu, tsufa ya cim musu a bakin tukunya. A Kodibuwa, asusun CMU wajibi ne ga duk mazaunin ƙasar har baƙo, jika ɗaya a wata, asusun ya ɗauki kashi 70 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin tsarin.

Mun roƙi Gwaggo ta biyo mu gida. Ta ce, "Ɗiyata, in na tahi wa za ya ziyarci kabarin Malam? Jikokina nan, makarata nan." Muka yi shiru, don mu ma mun san katin Gana ba ya aiki a Tibiri. A nan yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yafe wa kuɗin magani tun 2006, tsoho kuwa aljihun danginsa ne asibitinsa. Muka sabunta mata kati da guzurinmu, muka rubuta ranar mutuwarsa da gawayi a bangon ɗakinta, muka ɗora wa babbar jikarta alhakin dubawa.

Sauran aikin a nan gida yake. Alƙali na ba da takardar haihuwa ga wanda ba a yi wa ba tun yana jariri, in an kawo shaidu. Sa'o'in Gwaggo biyu suka rage a garinsu, ɗaya ma ba ta gani sosai. Mun fara bin maganar tun suna raye.

Ranar zubi mai zuwa za mu kawo shawara biyu. Kowace mace ta faɗi tsohonta da ke Kumasi, Abijan, Kotonu ko Legas, mu rubuta, a buga waya a tambayi takardunsa da ranar mutuwar katinsa. Sannan mu duba ko za a ƙara dala biyar biyar a asusun taimako don irin wannan. Ku yi shawara da masu gidajenku kafin ranar. Bashin kuɗin mota kuma za mu fara biya wannan watan, in Allah ya yarda.