Ciyawar Tsakar Gida Da Ranin Jos

A wannan makon za mu yi magana ne a kan ciyawar ado, irin wadda ake shimfiɗawa a gaban gida kamar darduma.

A gidanmu na Jos muna da ɗan fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5, wanda mahaifinmu ya dasa wa ƙiri-ƙiri tun muna ƙanana. Baƙon da ya zo daga Kano ko Sakkwato yakan ɗauka cewa a garin sanyi ciyawa ba ta sanin ƙishirwa. Gaskiya ne Jos na bisa tsaunin da ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma ruwan Yuli da Agusta har gundurar mutum yake yi. Amma da zarar Oktoba ta wuce sama ta ɗauke, sai wajen Afrilu. A waɗannan watanni iskar hunturu tana zuƙe damshin ƙasa, sanyin dare kuma yana tsayar da girman ciyawa. Kafin Janairu ta ƙare, dardumar nan ta koma launin kara.

A nan ne lissafi ke shigowa. Idan ana son ciyawa ta zauna shar duk rani, tana buƙatar ruwa kimanin milimita 25 a mako, wato jarka guda mai lita 25 ga kowace murabba'in mita. Filinmu murabba'in mita 30 ne: jarka 30 ke nan, lita 750 duk mako. A daidai wannan lokacin rijiyoyin unguwa sun ja baya, famfo ya yi shiru, yaran maƙwabta suna ƙwanƙwasa ƙofa da bokitai. Da wane ido za mu kalli yarinyar da ta zo neman ruwan girki, alhali tiyo na kwarara a kan ciyawa?

Shi ya sa muka zaɓi mu ƙyale ta ta yi barcinta. Ƙiri-ƙiri tana da jijiyoyi masu rarrafe a sama da ƙarƙashin ƙasa, inda take ajiye abincinta. Ganyen ne ke bushewa, gindin yana nan da rai. In kana shakka, ja tsagi guda: idan ya riƙe ƙasa gam, barci yake yi, idan ya fito salin-alin, wurin ya mutu. Turawan da suka kawo mana wannan al'ada a zamanin haƙar kuza su ma sun san haka. A Agustan 2022 an ayyana fari a sassa da dama na Ingila, aka hana ban-ruwa da tiyo, ciyawarsu ta ƙone, amma da ruwa ya dawo yawancinta ta farfaɗo.

Aikin rani a damina ake yin sa. Ba ma aske ta ƙwal. Muna barin tsawon kusan yatsu uku, domin ganyen ya yi wa ƙasa inuwa, saiwa ta samu ƙarfin nutsawa. A yanka guda ba ma cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, kuma langa-langar sai an wasa ta, don dakusasshen ƙarfe yayyaga ganye yake yi. Abin da aka yanke muna barinsa a wurin ya ruɓe ya zama taki. A farkon damina muna tsattsaga ƙasar da ƙarfe mai tsini inda sawu ya danƙare ta, mu watsa tsohon takin shanu wanda ya riga ya ruɓe. Taki a tsakiyar rani kuwa ƙona ta zai yi.

Idan rani ya tsananta, mukan ba ta ruwa sau ɗaya a mako uku ko huɗu, da sassafe, mu jiƙa ta sosai, don gindin kada ya mutu. Yayyafi kullum yana koya wa saiwa zama a sama, inda rana za ta same ta. Ruwan ma na alwala ne da na ɗaurayar kayan miya, wanda muke tarawa a baho; mai sabulu da bilic ba ya zuwa wurin. Sai hana yara ƙwallo a kai, da korar awaki, da sa ido a kan gara, wadda busasshiyar ciyawa ce abincinta.

Akwai masu cewa a zuba siminti a huta. Mun ga gidajen da suka yi haka: ruwan damina ya bi kwata ya tafi, bai shiga ƙasa ba, rijiyar kuma da shi take cika. Mu dai mun yarda da wata biyar na launin kara, muddin maƙwabci zai samu na sha. Kwana kaɗan bayan ruwan farko, za ka ga koren tsiro yana leƙowa ta ƙarƙashin busasshen.

'Yan'uwa na Jos da Mambila, ku faɗa mana yadda kuke yi da taku. Allah ya ba mu damina mai albarka.