MURYAR BAFFA IROH

Akwai mutanen da muka san muryarsu kamar yadda muka san ta 'yan gidanmu, amma da za mu yi kiciɓis da su a tasha ko a kasuwa sai mu wuce, ko kallo ba za su ishe mu ba. Waɗannan su ne masu ɗora murya a finafinan katun. Mai zane zai zana ido da hanci da baki, ya shafa launi, ya sa hoton ya yi motsi, amma duk da haka abin da ke gabanka hoto ne kurum, har sai wani ya shiga ɗan ƙaramin ɗaki ya tsaya gaban makirfo ya ara masa numfashinsa. A kan irin waɗannan mutane nake son in ɗan ja hankalin mai karatu, musamman waɗanda suka yi aiki a shirin da na fi ƙauna tun ina yaro, wato Avatar: The Last Airbender, kuma a cikinsu ma wani dattijo guda da ake kira Mako.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar Nickelodeon ta Amurka ce ta nuna shi daga watan Fabrairu na 2005 zuwa watan Yuli na 2008. Mutum biyu suka ƙirƙiro shi, Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko, kuma gaba ɗayansa kashi 61 ne, an raba shi littafi uku: na Ruwa, na Ƙasa, da na Wuta. Labari ne na wata duniya mai al'umma huɗu, inda a kowace ake samun masu baiwar sarrafa abu guda, wasu ruwa, wasu ƙasa, wasu wuta, wasu iska. Mutum ɗaya tak ke iya haɗa huɗun, shi ne Avatar. Daular Wuta ta tayar da yaƙi ta shafe masu sarrafa iska baki ɗaya, sai wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Aang ya rage, wanda ya shekara 100 a daskare cikin ƙanƙara kafin wata yarinya, Katara, da wanta Sokka su tono shi. Daga nan tafiya ta miƙa.

Na sha jin abokan karatuna suna cewa katun ai na yara ne, babba da gemunsa ba ya zama yana kallon zane. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, su ɗin nan ne dai muke zama aji ɗaya da su ana koya mana adabin baka, muna rubuta shafi bayan shafi a kan tatsuniya, wadda ita ma ai don yara ake yin ta da dare. Kuma duk wanda ya yi sa'ar kakar da ta iya tatsuniya ya san ba labarin kaɗai ke riƙe yara ba. Idan ta zo kan Gizo sai ta lanƙwasa harshe ta yi tsamin bakin nan nasa, idan ta zo kan Zaki ta buɗe ƙirji, idan Kura ce ta shaƙe murya ta sa haɗama a ciki. Ba mu taɓa ganin Gizo ba, amma ko cikin barci aka yi maganarsa mun gane shi. To, sana'ar da nake magana a kai ke nan, sai dai su an haɗa musu da hoto kuma ana biyan su.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a irin wannan shiri murya ake fara ɗauka kafin a yi zanen ƙarshe. Mu da muka saba da finafinan Indiya da ake fassarawa a Kano, mun san akasin haka: hoto ya riga ya kammala, mai ɗora murya shi ke bin bakin jarumi yana ƙoƙarin cusa Hausarsa cikin ɗan lokacin da leɓe ke motsi. A Avatar kuwa, an ɗauki muryoyin a Amurka ƙarƙashin jagorancin wata ƙwararriya mai suna Andrea Romano, sannan masu zane a Koriya ta Kudu suka bi sautin suna gina fuska a kansa. Wato idan ka ga girar Zuko ta tattare, ko bakin Katara yana rawa za ta yi kuka, wani ne ya fara yin haka da maƙogwaronsa, mai zane ya biyo sawu. Har halin ɗan wasa kan canja saboda wannan. Sokka, alal misali, barkwancinsa ya ƙaru ne bayan marubutan sun ji yadda Jack De Sena, wanda dama ɗan wasan ban dariya ne, yake juya magana.

Ba zan tsaya kan kowa ba, don shafin ba zai ɗauka ba. Aang yaro ne na gaske ya yi muryarsa, Zach Tyler Eisen, ba babbar mace da ke kwaikwayon yaro ba kamar yadda aka yi wa Bart na shirin The Simpsons. Mae Whitman ce Katara. Toph, makauniyar yarinyar nan mai taurin kai da ke gani da tafin ƙafarta, Jessie Flower ce. Sarkin Wuta Ozai kuwa Mark Hamill ne, wanda duniya ta sani a matsayin Luke Skywalker tun 1977, ga shi nan ya koma azzalumin uba. Grey DeLisle ta yi Azula da wata irin murya mai sanyi da zaƙi wadda ta fi ihu ban tsoro. Yarinyar ba ta cika ɗaga murya ba sai da hankalinta ya fara gushewa a ƙarshe. Akwai ma wani, Dee Bradley Baker, wanda gurnanin Appa da tsuwar Momo duk daga bakinsa suka fito. Mutum ya tashi da safe ya tafi aiki don ya yi kukan dabbar da ba ta wanzu ba, kuma ya yi shi har yaro ya zubar da hawaye ranar da aka sace dabbar!

Amma a ganina, ƙashin bayan shirin ba Aang ba ne. Zuko ne da Iroh. Zuko ɗan Sarkin Wuta ne, yana shekara 13 ya yi magana a zauren yaƙi yana adawa da shawarar wani janar ta sadaukar da sababbin sojoji, ubansa ya ƙona masa fuska a gaban jama'a ya kore shi daga ƙasa, ya ce kada ya dawo sai da Avatar a hannu. Dante Basco ya ba shi wata murya mai kaushi, kamar ta yaron da ya yi kuka ya gaji kuma ba ya so a gane. Wanda ya bi shi gudun hijirar nan kuwa shi ne Iroh, wan mahaifinsa. Turanci kalma ɗaya gare shi ga ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba, mu kuwa mun raba: wancan kawu, wannan baffa. Iroh baffa ne, kuma Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da wan uba yake a wurin yaro. Da zan fassara shirin, ba zan sa Zuko ya ce komai ba sai Baffa.

Da farko za ka ɗauka Iroh an sa shi ne don raha: tsoho mai tumbi, ba shi da aiki sai shan shayi da wasan dara irin nasu da ake kira Pai Sho, yana jefa wa yaro karin maganar da yaron ba ya son ji. A hankali kake gano cewa shi ne janar ɗin da ya yi wa birnin Ba Sing Se ƙawanya har kwana 600, cewa a wannan yaƙin ɗansa tilo, Lu Ten, ya mutu, ya janye sojoji ya dawo gida ya tarar ƙanensa ya haye gadon da shi ya kamata ya gada. Duk wannan nauyi yana cikin muryar tun kashi na farko, tun ba mu san labarin ba. Dariyarsa ma tana da wani abu a ƙarƙashinta.

Mai muryar, Makoto Iwamatsu, wanda kowa ke kira Mako, an haife shi a birnin Kobe na ƙasar Japan a 1933. Iyayensa masu zane ne, Taro Yashima da Mitsu Yashima, waɗanda suka ɗanɗani kurkuku saboda adawa da mulkin 'yan yaƙi na ƙasarsu. A 1939 suka tafi Amurka suka bar shi a hannun kakarsa, bai sake haɗuwa da su ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mai karatu ya dubi wannan: mutumin da yaƙin daular ƙasarsa ya raba shi da ubansa yana ɗan yaro, shi ne a tsufansa ya zama muryar uban da yaƙin daularsa ya raba shi da ɗansa. A 1965 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta East West Players a Los Angeles, don 'yan asalin Asiya su samu matsayi na kirki maimakon ɗan aike da mugu da ake ba su kullum. Fim ɗin The Sand Pebbles na 1966 ya sa aka saka sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar. Ya rasu ranar 21 ga Yuli, 2006, yana da shekara 72, sakamakon ciwon daji a maƙoshi, lokacin ana tsakiyar nuna littafi na biyu.

Wata biyu bayan rasuwarsa aka nuna kashin da ake kira The Tales of Ba Sing Se. Ɓangaren Iroh a ciki 'yan mintoci ne kawai. A lokacin shi da Zuko suna ɓoye a birnin da ya taɓa yi wa ƙawanya, janar guda ya koma mai shayi. Muna ganinsa yana yawo cikin gari: ya sayi kwando, ya rarrashi wani yaro mai kuka da waƙa, ya ba wasu yara da suka fasa taga shawara su amsa laifinsu, da ya ga girman mai gidan kuma ya ce a ranta a na kare. Wani ya tare shi da wuƙa zai yi masa fashi, sai tsohon ya ce masa tsayuwarsa ba daidai ba ce, ya kayar da shi, ya gyara masa tsayuwar, sannan suka zauna suka sha shayi har mutumin ya faɗi sana'ar da yake mafarkin yi, wato tausa. Duk abin dariya ne. Sai da yamma ta yi ya hau wani tudu, ya zauna gindin bishiya, ya jera duwatsu, ya fito da hoton ɗansa ya kunna turaren wuta. Ashe ranar haihuwar Lu Ten ce. Ya sake rera waƙar nan da ya rarrashi yaron da ita ɗazu, amma wannan karon muryar ta karye a tsakiya. Daga nan aka rubuta a jikin allo cewa an yi wannan ne don girmama Mako.

Na fara ganin wannan kashi a faifan DVD irin wanda ake cusa shiri guda cikin faifai ɗaya, mu wajen takwas a tsakar ɗaki. Babu wanda ya san wane ne Mako a cikinmu, Turancin ma rabi muke tsinta, amma ɗakin ya yi tsit. Bayan na shigo jami'a na sake kallonsa a waya, wannan karon na kifa wayar a kan katifa na saurari sautin kaɗai. Babu abin da ya ragu. Na gwada akasin haka, na kashe sautin na bar hoton, sai na ga wani tsoho mai ƙiba zaune gindin bishiya.

Wanda ya gaji Iroh shi ne Greg Baldwin, Ba'amurke, wanda ya sha faɗin cewa ya koyi muryar Mako ne tun yana matashi, daga faifan wani wasan dandamali na 1976 mai suna Pacific Overtures da ya riƙa saurare ba dare ba rana. A farkon littafi na uku Iroh yana kurkuku, kuma an ɗauki lokaci ba ya cewa uffan, Zuko ya zo ya yi ta faɗa shi kuwa ya juya masa baya. Da ya buɗe baki daga baya, kunne ya san an samu sauyi. Ni dai ba na cikin masu cewa babu bambanci. Akwai, muryar Baldwin ta fi santsi, ba ta da tsatsar nan ta shekaru. Sai dai kuma wurin da ya fi kowane nauyi a tsakanin mutanen biyu a kansa ya faɗo. Dab da ƙarshen shirin a 2008, Zuko ya shiga tantin baffansa bayan ya ci amanarsa, ya durƙusa yana neman gafara, bai gama magana ba tsohon ya jawo shi ya rungume, ya shaida masa bai taɓa fushi da shi ba, tsoro kawai ya ji kada ya ɓata. Baldwin ya ɗauki wannan kaya bai zubar ba.

An yi ƙoƙarin mayar da shirin na mutane har sau biyu, fim ɗin M. Night Shyamalan na 2010 wanda ko sunayen 'yan wasan bai furta yadda muka saba ji ba, da kuma na Netflix na 2024 wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, Paul Sun-Hyung Lee ma ya yi ƙoƙari a matsayin Iroh. Duk da haka ina kallo ina jiran wata muryar ta fito daga bakinsa. Su ma masu shirin ba su saki sunan ba, don a ci gaban labarin, The Legend of Korra na 2012, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan sunansa Mako. Baldwin kuwa ya ci gaba da yin Iroh, ya kuma gaji Mako a matsayin Aku a zagayen ƙarshe na Samurai Jack a 2017. A tarukan masoya sun sha roƙonsa ya rera musu waƙar gindin bishiya, shi kuwa sai ya ba su haƙuri, ya ce wannan waƙar ta Mako ce.