Fasfo a Ƙarƙashin Katifa

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Daga buhun shinkafa muka koma mudu, yanzu gwangwani muke awo.

In yara sun yi barci, sai mu ɗauko fasfon mu yi ta juya shi. Saudiyya? Sai mun sayar da filin gado kafin mu biya ejan. Hanyar Agadez kuwa, ɗan maƙwabcinmu ya bi ta bara, har yau mahaifiyarsa zabura take yi in waya ta yi ƙara.

To, wa zai riƙa kai Inna asibiti ranar Talata? Nan maganar ke tsayawa kullum. Sai mu mayar da shi ƙarƙashin katifa, mu kashe fitila.