Neman Aikin Malanta A Ƙasar Tuddai Dubu

Ƙasar Ruwanda ba ta da wani girma. In aka auna ta, kaɗan ta ɗara jihar Katsina, amma mutanen da ke cikinta sun haura miliyan 13 bisa ƙidayar shekarar 2022. Ba ta bakin teku, ba ta haƙo man fetur, abin da Allah Ya hore mata shi ne tuddai, wannan na bin wancan har iyakar ganin mutum. Watakila mai karatu ya yi mamakin abin da zai ɗauki malamin makaranta daga Arewacin Nijeriya ya kai shi can neman abinci. To, dalilin yana cikin wata shawara da gwamnatin ƙasar ta yanke a watan Oktoba na 2008, cewa daga shekara mai zuwa da Turanci za a riƙa koyarwa a makarantu maimakon Faransanci.

Shi Faransancin gadon mulkin Beljiyam ne, wadda ta karɓe ƙasar daga hannun Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta riƙe ta har zuwa 1962. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, mutanen da suka kama mulki da yawansu sun tashi ne a gudun hijira a Yuganda, watau Turanci suka iya. Sa'an nan dangantaka da Faransa ta yi tsami har aka yanke hulɗar jakadanci a 2006. A 2007 Ruwanda ta shiga ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka, inda Turanci ne harshen ciniki, a 2009 kuma aka karɓe ta cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, alhali kuwa Ingila ba ta taɓa mulkinta ba. Sauya harshe a takarda aikin yini ɗaya ne. Samun bakin da zai furta shi a gaban allo kuwa, shi ne aka kwashe shekaru ana fama. An ɗauko malamai daga Yuganda da Kenya don su horar da na gida, kuma ko a 2022 sai da aka kawo wasu fiye da 150 daga Zimbabuwe.

Ni dai shekara 11 na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a garinmu. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, iyaye suka soma kwashe 'ya'yansu, aji mai yara 40 ya koma 18. Rannan mai makarantar ya kira mu mu uku, ya miƙa wa kowa takarda mai layi huɗu, ya ce a yi haƙuri. Ba a ce na yi laifi ba, amma takardar ba ta ce ban yi ba, kuma duk wanda ya taɓa neman aiki ya san bambancin.

Kafin in sayar da babur ɗina da rabin filin da na gada, sai da na yi wata uku ina aika wasiƙu ta intanet. A nan na gane cewa kasuwar Turanci ta duniya ta fi duban fasfon mutum a kan iyawarsa. Shirin gwamnatin Koriya ta Kudu na ɗaukar malaman Turanci, alal misali, ƙasashe bakwai ya fi sani da masu harshen, kuma a duk Afirka, Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki. Ƙasar Sin kuma tun 2021 ta hana cin riba da darussan bayan makaranta, malamai baƙi masu yawa suka rasa aiki, suka bazu cikin ƙasashe maƙwabta suna neman abin da nake nema. Ruwanda ce ta bar ƙofa a buɗe: ɗan Afirka yana shiga ba tare da ya biya kuɗin biza ba, a ba shi kwana 30. Kwana 30 ɗin nan su ne jarina.

Daga Ikko zuwa Kigali tafiyar ba ta kai awa biyar a jirgin sama ba, kuma agogonsu ya riga namu da awa guda. Abin da ya fara tarar baƙo shi ne sanyin iska, domin garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,500, sai ka ce Jos a ƙarshen damina. Na biyu shi ne tsabta. Tun 2008 aka haramta leda, ba ka ganinta a kwata ko a saman itace. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata da safe ana rufe kantuna, motoci su tsaya, kowa ya fito aikin gayya da suke kira umuganda. Mu ma mun yi irinsa a tsakiyar shekarun 1980 zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, sai dai namu ya bi rariya, nasu kuwa ya zauna. 'Yan acaɓa kowa da rigarsa mai lamba da hular kwano biyu, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja, kuma ba ya ɗaukar mutum biyu ko da za a ninka masa kuɗi.

A unguwar Nyamirambo na sauka, inda Musulmin garin suka fi yawa. Su kaɗan ne a ƙasar, wajen kashi 2 cikin ɗari, amma a wannan unguwa Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai. Akwai masallatai, akwai masu tsire, akwai masu shayi a layin Biryogo da aka hana motoci shiga aka yi wa titin fenti, mutane na zaune har dare suna hira da Sawahili. Akwai kuma shagunan da ba a sayar da kome sai madara, mai zafi ko mai sanyi, da wani kindirmo mai kauri da suke kira ikivuguto. Sau da yawa shi ne abincin darena, da burodi, don kuɗin su kai. Sai dai a kula, mutanen nan ba sa cin abinci a kan hanya suna tafiya, abin kunya ne a wurinsu.

Neman aikin kansa hawa da gangara ne, a zahiri ba a karin magana ba. Makarantun gwamnati hukuma ce ke ɗaukar musu malamai, saboda haka masu zaman kansu na riƙa bi, ɗauke da jaka, daga wannan tudu zuwa wancan. Kowace na shiga takardu ake fara tambaya: digiri, da shaidar Majalisar Ilmi Mai Zurfi ta ƙasar cewa digirin ya yi daidai da nasu, da takardar 'yan sanda daga gida mai nuna ba ni da tabon laifi. Izinin aiki kuma ba a ba da shi sai da yarjejeniyar makarantar da ta ɗauki mutum. Yawancin wannan ana yinsa ne ta wata kafar gwamnati ta intanet mai suna Irembo, ba tare da an nemi na goro ba. Duk wanda ke da niyyar irin wannan tafiya, ya tanadi takardunsa tun yana gida, kuma ya tuna cewa shekarar karatunsu a watan Satumba take farawa, don haka Yuli da Agusta ne lokacin nema.

A rana ta 19 wata shugabar makaranta ta karanta takardar sallamata sau biyu, ta ɗago kai ta tambaye ni dalilin barina aiki. Na gaya mata yadda aka yi, na kuma miƙa mata wasiƙar da tsohon mataimakin shugaban makarantarmu ya rubuta mini da hannunsa bayan an sallame ni. Ba ta ce kome ba, sai ta ba ni alli ta kai ni wani aji, ta zauna a baya minti 40. Da muka fito ta ce za ta gwada ni zango ɗaya.

A ɗakin malaman makarantar na sadu da mutumin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Dattijo ne mai furfura, ana ce masa Muzehe, watau tsoho, ni ma haka na riƙa kiransa. Da Faransanci ya yi dukkan karatunsa, da shi ya yi shekaru yana koyar da ilmin ƙasa, har yana da suna a yankinsu. Rana ɗaya aka ce da shi da dubban irinsa su koma Turanci. Ya ce a shekarar farko yakan haddace darasi da dare ya zo ya karanta wa yara da safe, yana roƙon Allah kada wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Wasu abokansa suka bar aikin, wasu aka mai da su baya aka sa yara 'yan Yuganda a gabansu. Ya faɗi wannan yana zuba mini shayi, ba da ɗaci ba. Amma na fahimci cewa iskar da ta buɗe mini ƙofa ita ce ta kusa rufe tasa. A ganina gwamnati ta yi gaggawa, kuma ita kanta ta yi ta kai da komo: a 2011 ta mai da azuzuwa uku na farkon firamare kan harshen Kinyaruwanda, a ƙarshen 2019 kuma ta sake cewa Turanci tun daga aji ɗaya. Yaron ƙauye da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba shi ne ya ɗauki nauyin wannan.

Muzehe ne ya gargaɗe ni kada in kuskura in tambayi yaro ƙabilarsa, ko in ba da aikin rubuta tarihin kakanni ba tare da tunani ba. Shi ne kuma ya kai ni Gisozi, inda aka binne mutum fiye da 250,000 daga cikin waɗanda aka kashe a 1994. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce in shiga ni kaɗai.

A aji kuwa, yaran suna kirana Mwarimu. Asalin kalmar ɗaya ne da malam ɗinmu, daga Larabci, ta biyo ta Sawahili, sai dai harshensu ya mai da "l" ta koma "r". Wannan ce babbar wahalarsu a Turanci, kamar yadda "p" da "f" suke cakuɗe wa Bahaushe, don haka dabarun da na yi shekaru ina amfani da su a gida na juya su kawai. Da yamma in yara sun tashi, Muzehe yakan zo da litattafan da zai koyar gobe mu bi su tare, shi kuma ya koya mini gaisuwa da ƙidaya da yadda ake ciniki a kasuwar Kimironko. Da zangon ya ƙare aka sabunta mini yarjejeniya ta shekara guda. Albashin bai kai in ɗauko iyali ba tukuna, amma ya isa in biya hayar ɗaki, in aika gida kowane wata, in kuma mai da babbar 'yata makarantar da na cire ta.