Salula Tana Magana, Me Za A Yi Da Allo?

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Dogo-Dogo, ƙasar Dungas, dab da iyakar Nijeriya. Muna buɗe makaranta bayan an kai hatsi rumbu, mu rufe in hadari ya fara haɗuwa. Bara na fara da mutum talatin da biyu. Kafin wata biyu, saura goma sha ɗaya.

Sai na bi su gida gida ina tambayar dalili. Wani dattijo, dillalin awaki mai cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, bai ce mini komai ba. Ya zaro salula daga aljihu, ya danna, sai ga muryar ɗansa daga Agadas, yana gaisuwa yana tambayar farashin gero. Ya ce, "Malam, ka ji? Ba baƙi, ba wasali. Na faɗa an ji, an faɗa na ji. Me zan yi da allonka?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baba," na tashi. A makarantar horon malamai ta Damagaram ba a koya mana amsar wannan tambaya ba.

To, gaskiya mutanenmu sun daɗe da dogara da kunne. BBC ta fara magana da Hausa tun 1957. A 1962 aka kafa ƙungiyar rediyo-kulob a Nijar. Mahaifina ya ce a kan taru da dare a kewaye akwati guda, a saurara, a yi gardama, a ɗauki muryar manoma a kai Yamai. Daga baya masu tafiya cin rani suka riƙa aiko da kaset maimakon wasiƙa. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kaset ɗin nan ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya jiran mota.

Ga kuma fim. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990 abin yake gaba. Yau ba sai ka je gidan bidiyo ba. Ka kai katinka wurin yaron da ke cajin waya, ka ba shi ƴan daloli, ya cika maka shi da Labarina, da Izzar So, da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Lokacin darasi kuwa shi ne lokacin kallo. Ba na zagin kowa. Ni ma na kan kwana a kan Labarina, matata shaida ce.

Abin mamaki, fim ɗin da ya kore su shi ya fara maido mini da su. Wata baiwar Allah ta zo da wayarta tana fushi. Kati cike da fim, amma ta kasa gano wanda take so, don sunayen a rubuce suke. Na ɗauki alli na rubuta a allo: la, ba, ri, na. Gaɓa huɗu, kowace baƙi da wasali, babu littafin da ya fi wannan sauƙi. Kashegari ta zo da kishiyarta. Daɗin Kowa ya koya musu ɗ mai lanƙwasa, Izzar So ya koya musu baƙi mai ninki. Littafin da aka ba mu yana farawa da noma da tsabta, abubuwa masu kyau, amma ban taɓa ganin an yi masa irin wannan rububi ba.

Sai da muka saba ta faɗa mini ainihin damuwarta. Mijinta yana aiki a Aljeriya. In an turo kuɗi, saƙon ba ya zuwa da murya, a rubuce yake zuwa, kuma da Faransanci. Sai ta kai wa yaro ya karanta. Kafin magariba duk unguwa ta san an aiko mata da jika ashirin, masu neman rance sun yi layi, har da surukarta. Ta ce, "Malam, ni ba wasiƙa nake so ba. Ka koya mini lambobi, in rufa wa kaina asiri." Muka yi sati uku a kan lissafi, da wurin da adadin yake zama a cikin saƙo. Faransancin dai yana nan ya tsaya mana a wuya, don mu Hausa muke koyarwa. In akwai malamin da ya sami dabara, don Allah ya rubuto wa jaridar nan.

Bana muna da ashirin da uku, yawancinsu mata. Dattijon nan bai dawo ba. Amma duk Juma'a ya kan aiko mini da gaisuwa ta murya, ni kuma da gangan nake amsa masa a rubuce: lafiya lau. Da farko jikansa yake kira, yana mita. Juma'ar da ta wuce sai ya sake aiko da murya, yana dariya, ya ce, "Malam, wannan kam na gane shi ba tare da yaro ba. Ka sake wani."