Taraktar da ta daina jin sitiyari

A wani ƙauye na ƙasar Geceme akwai wata tsohuwar tarakta. Ta ƙungiyar manoma ce. Ta hannu suka saya, kuma ba su gama biyan bashinta ba. Da damana tana huɗa. Da kaka tana jan tirela, tana kai hatsi da wake da rake kasuwa.

Tun kafin a fara girbi take zubar da mai. Kowace safiya direba yana ishe baƙin tabo bisa rairayi, tsakanin ƙafafun gaba. Yaro ne ɗan shekara 22. Bai gaya wa kowa ba, don yana tsoron a ce shi ya ɓata ta. Sai ya dinga ƙara mai a ɓoye. Ranar da man sitiyari ya ƙare mishi, ya zuba man birki, wai ai mai duk mai ne.

Wata ranar kasuwa aka loda buhu 30 na wake, mata 6 suka hau bisa. Da suka zo gangaren da ke sauka cikin fadama, yaro ya murɗa sitiyari hagu. Sitiyari ya juya, ya sake juyawa, ƙafafu ba su bi ba. Tarakta ta miƙe ta faɗa gonar rogo, rairayi ya riƙe ta. Allah ya kiyaye, tirela ba ta kife ba. Mace guda ce ta faɗo ta gurɗe hannu.

Da dare aka yi taro. Shugaban ƙungiya ya ce a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe, a rage bashi. Mutane da yawa sun yarda. Sai wani dattijo ya nemi magana. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana aiki cikin wani tsohon jirgin ruwa mai inji, bisa tabkin Kainji a Nijeriya, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968. Jirgin yana ɗaukar kaya daga Yawuri zuwa garuruwan bakin tabki. Ya ce sitiyarin jirgin nan da na taraktar ga uwarsu ɗaya. Ya roƙi kwana 7.

Da safe ya kira direba. Ya ce: "Ɗana, me ka zuba mata?" Yaro ya sunkuyar da kai. Ya ce: "Baba, man birki." Dattijo bai yi faɗa ba. Ya ce shi ma ya taɓa yin irin wannan wauta, ranar har jirgi ya kwana tsakiyar ruwa.

Ga yadda abin yake, ku da kuke hawa tirela ya kamata ku sani. A irin wannan tarakta babu sandar ƙarfe da ta haɗa sitiyari da ƙafafu. Mai ne ɗan aike. Inji yana juya wani famfo, famfo yana matsa mai. In direba ya murɗa sitiyari, mai ya bi tiyo ya shiga wani bututun ƙarfe da ke gaba. Cikin bututun akwai sanda mai sulɓi. Mai ya tura sandar, sandar ta tura ƙafafu. A jirgin ruwa ma haka ne, sai dai can sandar tana tura faifan ƙarfen da ke bayan jirgi cikin ruwa. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya tura ƙarfe. Iska kuwa tana matsuwa. In mai ya zube iska ta shiga, direba iska yake turawa, ƙafafu ba su san ana yi ba.

Suka wanke gaban tarakta da kananzir, suka goge ya bushe. Suka ƙara mai kaɗan, suka tada inji. Yaro ya kai yatsa zai lalubi tiyo. Dattijo ya buge hannun. Man da famfo ya matsa, in ya fito ta ƙaramar kafa, yana huda fata kamar allura. Ciwon ba ya nuna girma a ido, amma in ba a kai mutum likita da wuri ba, yatsa na iya ruɓewa. Da guntun kwali ake neman wurin yoyo. Kwali ya nuna tiyo lafiya lau. A bakin bututu ne mai ke fita, inda sanda take shiga da fitowa.

Suka kashe inji, suka kwance bututu bisa tabarma mai tsabta, don ƙwayar rairayi guda ta isa ta ɓata aikin. Zoben robar da ke tare mai ya tsufa ya tsage, man birki kuma ya kumbura shi ya yi laushi. Man birki da wannan irin roba ba su shiri. A jikin sanda akwai tsatsa da ɗan karce. Wannan karcen ne ya fara cin roba tun da farko. Dattijo ya zauna yini guda yana goge shi da takardar goge ƙarfe mafi laushi, har farce ya daina kamawa a wurin.

Neman sabuwar roba ya fi gyaran wuya. Ma'ajin ƙungiya ya tafi Dogon Dutsi, ya sayo da ido, ta zo ta yi girma. Kuɗin mota ya tafi banza. Karo na biyu yaro ne ya tafi, har Dosso. Ya ɗauki tsohon zobe cikin leda, ya kuma kwafe lambobin da ke jikin bututu a takarda. Ya dawo da zobe daidai, da robar da ke share ƙura a bakin bututu, da man da ya dace.

Suka zubar da tsohon mai duka, na cikin tanki da na cikin tiyo. Dattijo ya hana a zuba shi ƙasa. A Dallol Mauri ruwa kusa yake, rijiyoyin fadama ba su da zurfi, kuma nan shanu suke sha. Cikin gwangwani aka tara shi aka rufe.

Saura fitar da iska. Suka ɗaga gaban tarakta, suka tokare da kututture. Suka cika tanki da sabon mai. Yaro ya tada inji, yana murɗa sitiyari sannu sannu, dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ba ya danne shi in ya kai ƙarshe. Dattijo yana kallon bakin tanki. Kumfa tana tasowa, mai yana sauka, yana ƙarawa. Sun jima a haka. Can kumfa ta daina, kukan famfo ya lafa, ƙafafu suka fara bin hannu.

Ranar ta shida aka kai waken kasuwa. Abin da aka kashe duka bai kai kuɗin buhu 2 ba. Shugaba bai ƙara maganar sayarwa ba, amma ya sayo littafi, ya ce duk man da aka zuba a rubuta ranar da irinsa. Yanzu yaro yana share rairayi kafin ya ajiye tarakta da yamma, da safe ya duba kafin ya tada inji. Matar da ta gurɗe hannu ta warke. Har yau dai da amalanken jaki take zuwa kasuwa.